Yadda za ka hana kanka sayen sabon gem: matakan da na bi

Tun ranar da na faɗa a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura cewa na yi wata 14 ban sayi sabon gem ba, wato wasan bidiyo, tambaya ba ta yanke ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci, wani ya kira ni a waya, har ƙanwar wani abokina da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta aiko a tambayar mata, don ita kuɗin abincinta ne ke ƙarewa a sayen dayamon, kuɗin cikin gem ɗin waya na Free Fire. Kowa abin da yake so ya ji shi ne ta yaya. Shi ya sa na zauna na jera matakan yadda na bi su.

Ban daina buga gem ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Har yau in an kawo wuta bayan sallar isha'i nakan kunna PS4 ɗina, wato na'urar gem ta PlayStation 4. Abin da na gane bayan na yi asara mai yawa shi ne sha'awar saye daban, sha'awar bugawa daban. Ta saye tana tasowa da ƙarfi kamar guguwar bazara, amma ba ta daɗewa. In ka sa isasshen lokaci da 'yar wahala tsakaninta da aljihunka, da kanta take kwantawa. Duk matakan nan aikinsu ke nan.

Kayan aiki ba su da yawa: ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, wayarka, da awa biyu da ba wanda zai dame ka. Ka bi su a jere, kada ka tsallake na farko.

1. Ƙirga abin da ke hannunka

Fito da fayafayanka duka, har waɗanda ke ƙarƙashin katifa da waɗanda ke hannun abokai. Sannan ka buɗe rumbun gem na asusunka, na PlayStation ne, Steam (kantin gem na kwamfuta) ne ko Play Store, ka duba duk abin da ka taɓa saya ko ka karɓa kyauta. A littafin ka ja layi gida uku: sunan gem, abin da ka biya, da inda ka tsaya. A gida na uku kalma ɗaya ta isa: na gama, na fara, ban taɓa ba.

Ranar da na yi nawa, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baje su. Gem 23 na ƙirga, shida kacal na gama. Akwai guda biyu da ledarsu ma ban ɓare ba. Red Dead Redemption 2, wanda na matsu na saya kamar zai ƙare a duniya, ban wuce dutsen ƙanƙarar nan na farkon labarin ba. Ƙanena yana gefe yana kallo, ya ce, "Yaya, ai wannan shago ne." Ban ce masa komai ba, don gaskiya ya faɗa.

Daga nan ka shiga shafin HowLongToBeat, inda masu buga gem ke rubuta yawan awannin da kowane gem ya ɗauke su. Ka rubuta adadin a gaban duk wanda ba ka gama ba. Labarin Red Dead Redemption 2 kaɗai yana cin kusan awa 50, God of War na 2018 kusan awa 20, The Witcher 3 kuwa in za ka bi rassan labarinsa ya haura awa 100. Tara su. Sai ka tambayi kanka awa nawa kake samu ka buga a mako, tsakani da Allah, bayan aiki ko makaranta, bayan hidimar gida, kuma bayan ka cire daren da ba wuta. Ni awa shida na samu. Da na raba, sai ga shi abin da ke kan tabarmar nan zai kai ni fiye da shekara ɗaya ba tare da na sayi ko ɗaya ba.

Gargaɗi: kada ka yi wannan lissafin da ka. Zuciya tana rage adadi. Sai ka ga abin a takarda da rubutun hannunka yake shiga jiki.

2. Mayar da farashin zuwa naira, sannan zuwa kwanakin aiki

Tun fitowar PS5 a watan Nuwamba 2020 manyan kamfanoni suka fara ɗaga farashin sabon gem daga dala 60 zuwa dala 70, kuma a 2025 Nintendo ta sa wa Mario Kart World dala 80. Dala 70 a ido ba ta da nauyi, lamba biyu ce kawai. Amma tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yuni 2023 lissafin ya sauya. A kan naira 1,500 kowace dala, dala 70 ta zama naira 105,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato gem ɗaya ya cinye albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, ya ƙara da rabin na wata mai zuwa.

Kuma ba nan kuɗin ya tsaya ba. Rubuta waɗannan a ƙarƙashin farashin:

Ribar mai sayar da katin PSN, wanda ake zuba kuɗi da shi a asusun PlayStation, ko kuɗin cajin katin dala, domin ba a farashin banki za su ba ka ba.

Data. Manyan gem na yanzu daga gigabait 40 suke farawa, wasu irin su Call of Duty sun haura 100. Ko faifai ka saya, da wuya ka tsira daga sabuntawar ranar farko. Kuma tun farkon 2025 da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, wannan layin ya ƙara nauyi.

Man janareto, in da shi kake bugawa. Auna lita nawa yake sha a awa, ka ninka da awannin gem ɗin.

PS Plus, wato rajistar PlayStation da ake biya, in gem ɗin sai da shi ake buga shi da mutane ta intanet.

In ka tara, sai ka raba da abin da kake samu a rana ɗaya. Abin da ya fito shi ne ainihin farashin: kwana nawa za ka yi kana aiki domin wannan faifan. Wani abokina mai ɗinki a babbar kasuwa da ya yi nasa lissafin, da kaftani ya auna. Ya ce sai ya ɗinka kaftani kusan ashirin kafin ya mayar da kuɗin. Daga ranar bai sake kiran gem da dala ba, sai ya ce, "Wannan kaftani nawa ne?"

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kwatanta gem da wani gem: wai wancan dala 70 ne, wannan 50, don haka wannan ya yi araha. Kwatanta shi da buhun gero, da kuɗin makarantar yaro, da kayan sallar ƙannenka. Da su yake takara a aljihunka.

3. Cire kati, toshe hanyoyin talla

Wannan minti 20 ne kawai, amma shi ya fi kowanne saurin nuna amfani.

Shiga saitin asusunka na PlayStation, ɓangaren biyan kuɗi, ka goge duk katin da ka ajiye. A nan kuma akwai wurin da za ka kunna neman kalmar sirri kafin kowane saye, ka kunna shi. A Play Store ka je wajen tabbatar da saye, ka zaɓi a riƙa tambaya kowane lokaci, kuma ka zaɓi kalmar sirri maimakon zanen yatsa. Ɗora yatsa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ba ya ba zuciya damar yin shawara. In kana da katin dala na manhaja, kada ka bar ko sisi a ciki.

Sai talla. Kashe sanarwar kantin gem a waya da na'ura. Fita daga jerin masu karɓar imel ɗinsu. A YouTube da TikTok, duk tashar da aikinta nuna sabon gem da buɗe kwali, ka daina binta na wata uku. Sai kuma mai wuyar: masu sayar da gem da kake da lambarsu a WhatsApp. Ba sai ka goge su ba, mutunci ya fi haka, amma ka rufe ganin sitatus ɗinsu. Ni nawa yawanci daga nan yake farawa, ƙarfe sha ɗayan dare, ina kwance, sai in ga hoton sabon kaya an rubuta saura biyu.

Gargaɗi: duba ko PS Plus ko wani rajistan wata-wata yana sabunta kansa. Ba a tambayarka, cira kawai ake yi. Kashe sabuntawar, in lokacin ya ƙare sai ka yanke shawara da kanka.

4. Shafin jira na kwana 30

Buɗe sabon shafi a littafin. Duk gem ɗin da ranka ya biya, ka rubuta sunansa, kwanan wata, farashinsa na ranar, da layi ɗaya na dalilin da ya sa kake son sa. Daga nan ka rufe littafin. Ba za ka saya ba sai bayan kwana 30, kuma a cikin kwanakin nan ba ka kallon bidiyonsa.

Layin dalilin nan kada ka raina shi. In ka dawo bayan wata guda za ka ga abin da ka rubuta: "kowa a gidan gem maganarsa yake," ko "hotonsa ya yi kyau," ko "raina a ɓace yake yau." Irin waɗannan ba sa kai wata. A cikin sunaye 11 da na rubuta a wata shidan farko, biyu ne kawai na dawo na tarar har yanzu ina so.

Wanda ya tsallake kwana 30 ma akwai sharaɗi na biyu: sai ka gama ɗaya daga cikin na shafin farko. Ɗaya ya fita, ɗaya ya shigo. In ka fara wani tsohon ka ga da gaske ba ya yi maka daɗi bayan awa uku ko huɗu, kada ka azabtar da kanka, ka ware shi cikin na sayarwa. Wannan ma fita ce.

Gargaɗi mai girma a nan: kada ka biya kuɗin gem tun bai fito ba. Gem na saukewa ba ya ƙarewa a kanti, babu layin da za a riga ka. Kuma ba ka san abin da za a miƙo maka ba. Cyberpunk 2077 ya fito a watan Disamba 2020 bayan shekaru ana zumuɗinsa, ya zo da matsaloli a PS4 har Sony ta cire shi daga kantinta, bai dawo ba sai watan Yuni 2021. Wanda ya jira ya same shi a gyare kuma a farashi mai sauƙi.

5. Maganar ƙwallo ta kowace shekara

A garin nan, in an ce sabon gem, sau da yawa ƙwallo ake nufi, don haka bari in daɗe a kanta.

Kamfanin EA yana fitar da sabon na ƙwallo kusan ƙarshen kowane watan Satumba. Da FIFA ake ce masa, FIFA 23 ne na ƙarshe da wannan suna, daga 2023 ya koma EA Sports FC. Lokacin ba a banza aka zaɓe shi ba: an rufe kasuwar 'yan wasa, an fara Firimiya, ɗan wasan da kulob ɗinka ya sayo yana cin ƙwallo a gidan kallo, kai kuma ka dawo gida ka tarar a gem ɗinka yana sanye da tsohuwar riga. Wannan ciwon na san shi. Shekara biyar a jere ina saye saboda shi.

Ga abin da za ka yi. Da farko ka tantance wane irin mai bugawa ne kai. In kai da abokai ne a ɗaki, fad biyu, wanda aka ci ya miƙa, to sabon bai ƙara maka komai ba sai riga da jerin sunaye. A cikin tsohon akwai wurin gyara ƙungiyoyi, inda za ka ɗauke ɗan wasa daga wannan kulob ka kai shi wancan. Ni da ƙanena mun zauna wata Asabar da rana, shi yana karanto sunaye daga waya ni ina canzawa, kafin la'asar mun gama manyan kulob ɗin Ingila da Sifaniya. Rigar dai ta bara ce, amma da aka fara wasa ba wanda ya sake tunawa da ita.

In kuma dole sai sabon, to ka tsallake shekara ɗaya, ka riƙa saye duk bayan shekara biyu. Kuma kada ka saya a Satumba. Zuwa ragin ƙarshen Nuwamba farashinsa kan faɗi sosai, yana kuma ci gaba da sauka har ƙarshen kaka. FIFA 22 an ba masu PS Plus shi a watan Mayu 2022, haka FC 24 a watan Mayu 2024. Akwai kuma eFootball na Konami, wanda muka sani da PES, tun 2021 kyauta ake sauke shi, a PS da kwamfuta da waya.

Gargaɗi ga masu Ultimate Team, ɓangaren gem ɗin da ake tara 'yan wasa a haɗa ƙungiya: 'yan wasan da ka tara da kuɗinka ba sa bin ka zuwa gem ɗin shekara mai zuwa. Kowane Satumba daga sifili ake farawa. Kafin ka sa naira ɗaya a FC Points, kuɗin cikin gem ɗin da a da ake ce wa FIFA Points, ka tuna cewa haya kake biya ta wata goma sha biyu.

Akwai kuma gori. Za a ce har yanzu kana kan tsoho. Amsa ɗaya ta ishe ka: "In ka sayi sabon, ka kira ni in zo mu buga." Za ka ga yawanci ma ana kiran naka, don mai sabon gem yana neman abokin karawa.

6. Ƙananan saye-saye a waya

Wannan ya fi faifai haɗari, domin ba ya zuwa da ƙara. Dayamon a Free Fire, CP a Call of Duty Mobile, UC a PUBG Mobile, duk kuɗin cikin gem ne da ake saya da naira. Yau dubu ɗaya da ɗari biyar, jibi dubu uku, ba ranar da za ka ji ka kashe babban kuɗi.

Buɗe manhajar bankinka, ka fito da bayanin wata uku da suka wuce. Bi layi-layi, duk abin da ya tafi gem ko wajen mai sayar da dayamon ka rubuta. Ka haɗa da wanda ka biya ta hannun mai POS. Tara. Yarinyar nan da na ambata a farko ta aiko wa yayanta cewa da ta tara nata sai da ta sake tarawa, don ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Ka kuma san yadda aka gina tarkon, domin sanin yana rage masa ƙarfi. Ana canza maka naira zuwa wani kuɗin wasa don ka daina jin nauyinta. Ana sayar da shi a ƙunshin da bai taɓa yin daidai da farashin abin da kake so ba, kullum sai an bar maka ragowar da ba ta isa komai, don ka ƙaro. Ana sa agogo yana ƙirga saura awa kaza, alhali wani tayin zai maye gurbinsa gobe. Sai akwatin sa'a da juya-juya, inda kake biya ba ka san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatunan caca ne, har EA ta daina sayar da FIFA Points a ƙasar a farkon 2019. A Amurka kuma, a watan Disamba 2022, kamfanin Epic mai Fortnite ya amince zai mayar da dala miliyan 245 ga mutanen da hukumar kare masu saye ta ce an ja su sun sayi abin da ba su yi niyya ba. In hukumomin can sun kira abin da wannan suna, mu da muka san hukuncin caca tun muna makarantar allo ya kamata mu tsaya mu duba. Wanda yake da shakka ya kai wa malaminsa bayanin yadda abin ke aiki, ya ji.

Dokar da na ba ƙanena guda biyu ce: ba ya taɓa duk abin da ke da sa'a a ciki, kuma ba ya saye bayan an ci shi. Wanda aka fitar daga wasa sau uku a jere yana ganin sabuwar bindiga ce maganin, alhali barci ne.

Gargaɗi ga iyaye da yayye: in kuna ba yara waya su buga gem, ku tabbata babu kati a haɗe da ita.

7. Yanka wa gem kasonsa

Hana kai gaba ɗaya ba ya ɗorewa. Wanda ya rantse ba zai sake saye ba, shi ne ranar da ya karya yake sayen uku. Ka yanke wani abu ƙayyadadde a wata, abin da in ya ɓace ba zai taɓa cefane ba. Ni dubu biyar na yanke. Ka ajiye shi daban, asusun gwangwani ne ko wani asusun banki da ba shi da kati. Duk abin da ya shafi gem daga nan yake fita, har gyaran fad in sandarsa ta fara jan gefe. In babu a ciki, babu.

Bashi, kuɗin adashi, jarin shago da kuɗin da aka ba ka ajiya ba sa shiga wannan magana ko kusa. Manhajojin ba da rance kuwa, in har ka kai ga buɗe ɗaya saboda gem, ka ajiye wayar ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi. Abin ya wuce sha'awa.

8. Aro, musanya, da na hannu

Kafin kuɗi ya fita, bi waɗannan a jere.

Fara da ɗanɗanawa. Je gidan gem ka biya kuɗin wasa biyu ko uku, ko ka je wajen abokin da ya saya. Sau da yawa awa ɗaya ta isa ta kashe ƙishirwar.

Sai aro da musanya. Mu shida muka haɗa fayafayanmu, har da wani abokinmu da ke aiki a Daura, wanda yake zuwa da nasa duk ƙarshen mako ya koma da wani. Muna da littafi ɗaya: wa ya karɓa, yaushe, yaushe zai dawo da shi. Wanda ya fasa ko ya ɓatar ya biya. Ku rubuta wannan tun farko, don faifai ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekara goma.

In ya zama sai saye, nemi na hannu. Duba bayan faifan a hasken rana, ka sa a na'ura a gabanka ya karanta har ya fara wasa, sannan ka biya. Faifai yana da fa'idar da na saukewa ba shi da ita: in ka gama za ka sayar ka mayar da wani abu. Mafi yawan fayafayan PS4 suna aiki a PS5 mai ramin faifai. Masu kwamfuta kuma su riƙa leƙa kantin Epic duk Alhamis, suna ba da gem kyauta, in ka karɓa ya zama naka.

Gargaɗi biyu. Na farko, masu sayar da gem a cikin asusun da ba naka ba, a farashin da ya yi araha fiye da hankali. Na taɓa saye a hannun wani da na samu ta intanet. Wata biyu ina bugawa, ranar nan na kunna na ga ɗan kwaɗo a kan gem ɗin, an canza kalmar sirri, lambarsa kuma ba ta shiga. Ba inda zan kai ƙara, don asusun ba da sunana yake ba. Na biyu, katin PSN yana bin ƙasar asusu. In asusunka na Amurka ne, katin Ingila ba zai shiga ba, kuma mai sayarwa ba zai karɓi lambar da ya riga ya tura maka ba. Haka ƙarin kayan gem da ake saukewa, sai sun dace da yankin faifan.

9. Lokacin ragi

Ana yin manyan ragi a sanannun lokuta: ƙarshen Disamba da wajen watan Yuni a Steam da PlayStation duka, sai kuma ƙarshen Nuwamba a PlayStation. Nan ne masu haƙuri da yawa suke zubar da haƙurinsu. Fayafayan nan biyu da ban ɓare ba, da rabin waɗanda ban taɓa ba a asusuna, duk a ragi na saye su.

Ka shiga da littafinka a hannu. Abin da ke shafin jira, ya cika kwana 30, kuɗinsa yana cikin asusun gem, shi kaɗai za ka nema da sunansa, ka biya ka fita. Kada ka zagaya shafin farko. Ragin da ka rasa zai dawo bayan 'yan watanni, sau da yawa ma ƙasa da haka.

10. In ka riga ka danna

Zai iya faruwa, musamman a watannin farko. Abu na farko, kada ka sauke gem ɗin. A kantin PlayStation kana da kwana 14 ka nemi a mayar maka da kuɗinka, amma da sharaɗin ba ka fara saukewa ba. Don haka ka shiga saiti tun yanzu ka kashe saukewa da kanta, musamman ga wanda aka biya tun bai fito ba. A Steam kwana 14 ne ma, in dai ba ka buga shi ya kai awa biyu ba. A Play Store ka nema cikin awa 48, bayan haka sai dai ka bi ta kan kamfanin da ya yi gem ɗin. Dayamon ko CP da ka riga ka kashe kuwa da wuya su dawo.

Kada ka je banki ka ce a janyo kuɗin da ƙarfi a kan cewa ba kai ka saya ba. Ban da kasancewarsa ƙarya, Sony takan rufe asusun da aka yi wa haka, duk gem ɗin da ke ciki su tafi tare da shi.

In faifai ne, kuma mai shago ya ƙi karɓa, ka buga shi nan da nan ka gama, ka sayar tun yana sabo, domin kowane mako darajarsa sauka take yi, na ƙwallo ya fi kowanne saurin faɗuwa. Kuɗin ya koma asusun gem.

Daga nan ka buɗe littafin ka rubuta abu uku: ƙarfe nawa ne ka saya, me ka gani kafin nan, kuma wane hali kake ciki. Nawa da na duba, sau biyun da na karya, kafin wata 14 ɗin nan, duk daren da albashi ya shigo ne, kuma duk a waya. Tun daga lokacin, ranar albashi nakan raba kuɗin gida tun da rana, in tura na cefane da na makaranta inda za su, wayar kuma a falo take kwana a caji.